Darasi: Gyaran Madubin Gefe Mai Rawa a Tsohuwar Mota

A wannan darasi za mu koyi yadda ake gano abin da ke sa madubin gefe rawa a tsohuwar mota, da yadda ake ɗaure shi ya zauna daram. Za mu yi karatu, mu yi ɗan lissafi, sannan mu fita waje mu gwada da hannunmu. Wanda ba direba ba ne ma kada ya ce ba ruwansa, domin fasinja da ɗan acaɓa da mai tura baro duk rayukansu na rataye da abin da direba ya gani ko bai gani ba a bayansa.

Motar da hanyar da take bi

Daga tashar Kabuga a Kano zuwa Gwarzo tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Ana wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, a bi ta Janguza da Rimin Gado, a ratsa Garo ta ƙaramar hukumar Kabo, sannan a isa Gwarzo. Wanda ya zarce sai Dayi a Jihar Katsina. Wannan ita ce babbar hanya. Amma motar da ke ɗaukar masara da dawa da gyaɗa zuwa kasuwar Getso, ko wadda ke shiga ƙauyukan Kabo, rabin rayuwarta a kan burji da turɓaya take yi. Da rani gargada, da damina zaizaya da ramuka. Duk abin da aka ɗaure da noti a jikin irin wannan mota kullum cikin jijjiga yake, kuma madubin gefe yana cikin na farkon da ke sakin jiki, saboda a waje yake, a ƙarshen ɗan siririn hannu, iska na dukansa, ga mai buhu ya goga, ga yaro ya rataya.

Tsohuwar motar da za mu yi misali da ita ita ce Fijo 504, don kusan kowa a cikin ajin nan ya taɓa shigarta. An fara ƙera ta a Faransa a 1968. A 1975 kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, aka kuma ci gaba da fitar da 504 daga can har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina yin ta. Ta yi zama motar gwamnati, ta yi zama motar ango, ta koma tasi, akori-kurarta kuwa ta sha buhunan hatsi. Yanzu ƙananan motoci irin su Golf sun karɓe yawancin lodin tasha, amma masu 504 ba su ƙare ba, kuma mai ita yakan riƙe ta da daraja. Abin da za mu faɗa ya shafi 404 da 505 da sauran sa'o'insu, ko da yake madubin kan bambanta daga shekara zuwa shekara, kuma da wuya a tarar da tsohuwar mota da madubin da ta fito da shi daga kamfani.

Akwai abu guda da ya kamata a sani tun da wuri. Madubin motocin yanzu roba ce da wayoyi da ƙaramin inji a ciki. In ya lalace yawanci sai dai a sake. Na tsohuwar mota ƙarfe ne da noti da 'yar roba, an yi shi ne don a kwance a gyara. Sau da yawa gyaransa bai wuce aikin sukudireba da sifana ba.

Me ya sa za a damu?

Wani zai ce, ai madubin yana nan, rawa kawai yake yi. To madubin da ke kakkarwa ba ya nuna komai sai hazo. Direba zai ga wani abu na tafe, amma ba zai bambance babur da tirela ba, balle ya auna nisansa. In kuma iska ta lanƙwasa shi ya koma kallon ƙasa, sai direba ya riƙa miƙa hannu yana gyarawa, ko ya juya kai gaba ɗaya ya leƙa baya.

Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa ɗaya tana cin mita 80,000 a cikin daƙiƙa 3,600. In aka raba, za a samu kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Direban da ya ɗauke ido daga hanya na daƙiƙa biyu kacal don ya gyara madubi ya yi tafiyar mita 44 bai ga gabansa ba. A mashigar gari ranar kasuwa, mita 44 ta isa ta ƙunshi amalanken shanu da yara 'yan makaranta da akuya mai tsallaka titi.

Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, direba yana zama ta hagu. Madubin hagu shi ke nuna masa mai shirin wuce shi. Na dama kuwa, wanda motocin da da yawa ba su ma zo da shi ba, yau ya zama dole, domin ɗan acaɓa da mai A Daidaita Sahu ta nan suka fi kutsowa. Ga kuma doka. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci suna iya tare mota saboda rashin madubi.

A fara gano inda rawar take

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko sukudireba a hau murɗa duk notin da ido ya gani. Madubin gefe yana da wurare uku da ke iya saki, kuma kowanne maganinsa daban. Akwai gindi, inda aka ɗaure shi a jikin ƙofa. Akwai gaɓa, inda kai ke juyawa a kan hannu. Akwai gilashin kansa a cikin kwanonsa.

Ga yadda wani maigidan gareji zai nuna wa yaronsa:

"Kai, zo ka riƙe gindin nan da hannu ɗaya. Girgiza shi."

"Oga, ba ya motsi."

"To kama kan, ka juya."

"Shi ne ke lilo, Oga. Da na saki sai ya faɗi ƙasa."

"Ka ga ke nan ba ruwanmu da ƙofa. Mayar da sifanar nan, gaɓa za mu buɗe."

Gwajin ke nan, ba ya cin minti ɗaya. A riƙe gindi a girgiza. In ya motsa tare da hannun gaba ɗaya, matsalar tana jikin ƙofa. In gindi ya tsaya amma kai na faɗuwa, gaɓa ce. In duka biyun lafiya, sai a ɗan danna gilashin da yatsa ta kusurwoyinsa. In ya yi ƙas-ƙas ko ya nutsa, gam ɗinsa ne ya bushe. Wani lokaci akan tarar da biyu a haɗe.

Idan gindin ne

Nan ne aikin ya fi yawa, nan kuma aka fi ɓarna. Yawancin madubin tsofaffin motoci noti biyu ne ke riƙe da su. Wani sukuru ne da ke cizon ƙarfen ƙofa ko wata 'yar roba da aka cusa a rami, wani kuma yana ratsawa ya haɗu da noti ta cikin ƙofa. Tsakanin gindin da fenti akwai shimfiɗar baƙar roba.

A fara gwada ɗaurewa a hankali, a murɗa ta yadda hannun agogo ke tafiya, da sukudireban da bakinsa ya cika kan notin. Ƙaramin sukudireba cinye kan yake yi. In notin ya ɗaure ya tsaya, an yi sa'a. A ɗaure ɗaya kaɗan, a koma ɗayan, a sake dawowa, don gindin ya zauna daidai. Da zarar an ji ya kama, a dakata. Ƙarfen ƙofar mota kaurinsa bai cika kaiwa milimita ɗaya ba. Mai ƙarfin hannu da ya ce sai ya ƙara zagaye ɗaya, shi ke cinye haƙoran ramin ko ya lotsa ƙofa, garin neman gira a rasa ido.

In kuwa notin yana ta juyawa ba ya kamawa, ramin ya riga ya faɗaɗa. Abin da aka saba yi a bakin titi shi ne a cusa tsinken ashana ko guntun waya, ko a sa sukurun da ya fi kauri. Tsinke zai kai mutum gida, ba zai kai shi sati ba. Sukuru mai kauri yakan yi aiki sau ɗaya; in aka maimaita, ramin sai ƙara buɗewa yake har ya yage. Gyaran da ke daɗewa shi ne a bi ta ciki.

A ɗaga gilashin ƙofa sama tukuna. A kwance majinginin hannu da hannun ɗaga gilashi, sannan a ɓalle allon cikin ƙofa a hankali da abu mai faɗin baki, domin maɓallansa sun tsufa, saurin karyewa suke. In akwai ledar da ke bayan allon kada a yaga ta, ita ke hana ruwa jiƙa shi. Yanzu za a iya zura hannu a taɓo ramin ta baya. A samo dogon noti na milimita 5 ko 6, gwargwadon ramin gindin madubin. Na milimita 5 sifana lamba 8 ke kama shi, na milimita 6 kuma lamba 10. A zura shi ta waje, ta ciki a sa wosha mai faɗi, a bi ta da wosha mai tsaga wadda ke hana noti warwarewa, sannan a ɗaure. In an samu notin nan mai zoben roba a bakinsa ya fi, don jijjiga ba ta kwance shi. Idan ƙarfen wurin ya yi laushi ko ya tsage, a yanko ɗan faifan ƙarfe kamar tsawon yatsa, a huda shi wuri biyu daidai da ramukan, a sa ta ciki ya zama majingini. Shi zai raba nauyin madubin a kan fili mai faɗi maimakon ya taru a bakin rami. Kafin a mayar da allo, a sauke gilashi a ɗaga don a tabbata dogon notin ba ya karce shi. Mutane da dama sai sun gama rufe ƙofa suke gane wannan.

Shimfiɗar robar nan kuwa kada a raina ta. Zafin bazara yana busar da ita ta farfashe, in ta zube sai a samu rata, kuma komai ɗaurin da aka yi madubin zai riƙa wasa. Ba sai an je neman ta kamfani ba. A ɗora gindin madubi a kan tsohon tib na taya, a zana da biro, a yanka da almakashi, a huda. Tana shanye jijjiga, tana kuma hana ruwa bin rami.

In an tarar da tsatsa a bakin ramin, a goge ta da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a shafa fenti, a bari ya bushe. Tunda ƙofa a buɗe take, a duba ƙananan ramukan da ke ƙasanta na fitar ruwa. Ƙurar hunturu kan toshe su, damina ta zo ruwa ya kwanta, ƙofa ta ruɓe daga ciki. A zokale su da waya.

Notin da ya ci tsatsa ya ƙi kwantuwa, a ɗiga masa kananzir ko man feshi na sassauta noti, a ba shi lokaci. Wasu kan zuba man birki. Yana sassautawa, amma yana cin fenti, kuma a jikin ƙofa muke aiki.

Idan gaɓa ce

A ƙarshen hannun madubi akwai wani ɗan dunƙule mai kama da ƙwallo, wanda ke zaune cikin gurbi a bayan kan. Abin da ke riƙe kan a inda aka saita shi matsi ne kawai. A wasu, faifan ƙarfe ne da ƙananan sukurori ke matse ƙwallon. A wasu, sifirin ne da noti a ƙasan hannu. Shekara da shekaru ana juyawa, ƙura na shiga tana gogewa, sai matsin ya ragu.

A duba ƙasan kan da bayansa. In akwai sukuru a fili, a ɗaure shi kaɗan-kaɗan ana gwada juya kan, har ya zama yana juyawa da ɗan ƙarfi amma ba ya faɗuwa da kansa. In babu, to sukurorin suna bayan gilashi, sai an cire shi. A manna salatif a fuskar gilashin don ko ya fashe kada ya tarwatse, a ajiye madubin a rana ko a jiƙa shi da ruwan zafi gam ɗin ya yi laushi, sannan a ɗaga da siririyar wuƙa ta gefe-gefe, ba a wuri ɗaya ba.

A nan akwai abin da ya saɓa wa al'adar gareji. Bakanike ya saba duk inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe ya shafa giris. Ban da wannan gaɓa. Santsi shi ne ciwon da ake magani, giris ƙara shi zai yi. A wanke ta da fetur kaɗan, a bari ta bushe, a ɗaure. In an ɗaure har ƙarshe amma kan bai daina lilo ba, ƙwallon ya sule. A yanko ɗan ɓallin gwangwanin lemo a naɗa tsakanin ƙwallo da gurbi ya cike ratar.

Sai maganar walda. Hannu da gindin yawancin waɗannan madubai masu ƙyalli ba baƙin ƙarfe ba ne. Zubi ne na wani gauraye mai yawan zinki, aka lulluɓe shi da ƙyalli. Yana narkewa a zafin da bai kai digiri 400 ba, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,400. Da mai walda ya kanga masa wuta sai ya zube kamar dalma. Ana ganewa da maganaɗisu: in bai kama ba, kada a kai shi wurin walda. Wanda ya karye, gara a nemi na gwanjo a wurin masu kayan tsofaffin motoci, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. A tafi da tsohon a hannu a gwada tazarar ramukan, kada a dawo a ƙara huda ƙofa.

Idan gilashin ne

Wannan mai sauƙi ne. A cire shi, a kankare tsohon gam, a wanke wurin ya bushe. A ɗiga gam ɗin silikon wuri huɗu ko biyar, a danna gilashin, a naɗe da salatif, a bar shi kwana ɗaya kafin a hau hanya. A zaɓi silikon da ba shi da warin tsami, domin mai tsamin yana cin azurfar bayan madubi, bayan 'yan watanni a ga baƙaƙen tabo. Sufa-gulu kuwa bushewa yake ƙirin, ba ya jure jijjiga da zafi.

In gilashin ya fashe, mai yankan madubi zai iya yanko wani daidai kwanon. Sai dai a lura, madubin ɗaki shimfiɗaɗɗe ne, na mota kuwa wani yana da ɗan tudu don ya kwaso fili mai faɗi. Mai tudun yana nuna mota ƙarama, kamar tana nesa, alhali ta matso. Direban da aka sauya wa irin gilashi ya kamata ya san an sauya, ya saba da shi kafin ya amince da abin da yake gani wajen wuce wata mota.

Saiti da gwaji

Direba ya zauna yadda ya saba zama, wani ya tsaya a waje yana juya masa. A saita yadda gefen motar zai bayyana ɗan kaɗan a bakin madubi ta ciki, sauran duk hanya ce, inda sama ta haɗu da ƙasa kuma ya faɗo tsakiya. Da yawa suna cika madubi da jikin motarsu, wanda ba shi ne zai buge su ba. Ko da an saita daidai, akwai wani lungu a kafaɗar mota da madubi ba ya kaiwa. Ku gwada: mutum ya taho daga baya ta gefe a ƙafa, direba ya ce "tsaya" lokacin da ya ɓace masa. Duk babur ɗin da ke wannan wuri, sai an ɗan waiga ake ganinsa.

Daga nan a hau hanya mai gargada a dawo a sake taɓa notocin, a kuma sake dubawa bayan sati guda, saboda sabuwar roba takan kwanta. In komai a ɗaure yake amma hoton bai daina rawa ba, a bar madubi a duba wani wuri. A buɗe ƙofar a ɗaga ta sama da hannu. In tana wasa, maratayanta ne suka ci. In rawar sai an kai wani gudu take zuwa, a duba tayoyi. In a tsaye take yi inji na aiki, a duba robobin da inji ke zaune a kai.

Tambayoyi da aiki

1. Faɗi wurare uku da madubin gefe ke saki, da yadda ake gane kowanne.
2. Me ya sa ba a shafa giris a gaɓar madubi?
3. Wani ya kawo hannun madubi ya karye, yana so a yi masa walda. Wane gwaji za a yi kafin a ba shi amsa?
4. Mota tana gudun kilomita 60 a awa. Mita nawa take ci a daƙiƙa ɗaya? In direba ya waiga na daƙiƙa 3, mita nawa ya yi?
5. Rubuta jimla biyar a kan wani wuri a hanyar garinku inda direba ya fi bukatar madubin dama.

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya nemi izinin mai mota ko mai babur a unguwa ko a tasha, ya yi gwajin girgizawa a madubai biyu, ya rubuta inda ya samu rawar da abin da yake ganin ya jawo ta. Kada a kwance komai sai mai abin yana tsaye. A zo da abin da aka rubuta ranar darasi na gaba, wanda ke da sifana lamba 8 ko lamba 10 a gida kuma ya taho da ita.